Geji da Agogo, Littafin Nutso, ko Na'urar Aika Saƙo: Da Wanne Za Ka Auna Cin Iskarka a Ƙarƙashin Ruwa?

Duk wanda ya gama kwas ɗin nutso na farko, ko ya fara bin maigida zuwa kankare ƙasan jiragen kamun kifi a tashar Tema, da zarar ya tara 'yan sidi sai tambaya ta taso: me zai fara saya? Masu tallar kaya a intanet za su nuna masa kwamfutar hannu mai karɓar saƙo daga tukunyar iskar da ake goyawa, su ce ba zai taɓa sanin cin iskarsa ba sai da ita. Tsofaffin hannu kuma su ce geji mai nuna matsin tukunya da agogo sun wadatar tun zamanin da. Hanyoyin aunawa uku ne: gwaji na musamman da geji da agogo, lissafin nutso gaba ɗaya daga littafi, da kuma na'urar da ake ɗaurawa a kan tukunya tana aika wa kwamfuta saƙo. Gardamar ta ƙi ƙarewa ne don ba tambaya ɗaya ukun suke amsawa ba. A wurina ta biyu ce ginshiƙi, ta farko tana dafa mata, ta uku kuwa sai in kuɗi ya yi rara. Akwai kuma mutanen da wannan magana tawa ba ta hau kansu ba, zan zo gare su.

Tushen lissafin gaba ɗaya nauyin ruwa ne. A bakin teku, matsin iskar sama a kanka bar 1 ne. Kowace mita 10 ta ruwan gishiri tana ƙara bar 1, wato a mita 10 kana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Regileta, abin da kake shaƙar iskar tukunya da shi, tana ba ka iska daidai da matsin ruwan da ya kewaye ka, in ba haka ba ƙirjinka ba zai buɗu ba. Huhunka bai ƙara girma ba, amma iskar da ke cika shi a mita 30 ta ninka ta sama sau huɗu, kamar yadda dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ta nuna. Tukunyar da za ta kai ka awa biyu a saman ruwa, rabin awa za ta yi maka a mita 30. Shi ya sa kowace hanya, bayan ta auna abin da ka ci a zurfi, sai ta raba shi da matsin wurin, a mayar da shi ma'aunin saman ruwa. Da wannan lamba guda za ka iya tsara nutso na kowane zurfi.

Kafin na'ura, zaɓi ma'auni

Kayan nutson da ke hannun mutane a Accra daga ko'ina suka fito. Akwai tukunyar alminiyam 'yar Amurka da ake kira 80, cikinta lita 11.1, ana cika ta zuwa psi 3000, wato bar 207. Akwai na ƙarfe 'yan Turai masu lita 10, 12 da 15, galibinsu bar 232. Shi geji matsi kawai yake karantawa, bai san girman tukunyar da aka ɗaura shi a kai ba. Wanda ya ce yana cin bar 1.5 a minti ya yi shiru, kamar wanda ya je kasuwar Nima ne ya ce a auna masa kwano ɗaya na masara, bai faɗa ko olonka yake nufi ko gwangwanin bota ba.

Ga inda abin yake cizo. Mutum yana cin lita 17 a minti. A kan tukunya mai lita 15, wannan kusan bar 1.1 ne. A kan 80 ta alminiyam, bar 1.5. Mu ce ya yi awonsa da mai lita 15, ya haddace 1.1, sai wata rana aka ba shi haya ta alminiyam, za a sauka mita 20. Lissafin kansa zai ce bar 3.3 a minti, bar 150 za su kai shi minti 45. Gaskiyar kuwa bar 4.5 yake ci, minti 33 ke gare shi. Minti 12 da yake tsammanin suna aljihunsa babu su. Da lita ya riƙe, da sai kawai ya raba 17 da girman kowace tukunya aka miƙo masa. Don haka kowace hanya ka ɗauka, ƙarshen lissafinka ya zama lita a minti. In gejinka na psi ne, raba da 14.5 ka sami bar. In abokin nutsonka Ba'amurke ne ya ce yana cin 0.6, ma'auninsu na cubic feet a minti yake nufi, ninka da 28.3, lita 17 ɗin nan ce dai. Za ka ga haruffa SAC da RMV, sunayen wannan lamba ta cin iska, a allon kwamfuta da littattafan koyarwa, makarantu ma ba su daidaita kan ma'anarsu ba, kai dai duba ko bar aka rubuta a gefen lambar ko lita.

Gwajin geji da agogo

Wannan ba ya bukatar komai da ba ka da shi: geji, agogo mai shiga ruwa, abin nuna zurfi, allon roba da fensir, da abokin nutso a gefenka. Ka sauka mita 10, don a nan matsin bar 2 ne cif, lissafi ya yi sauƙi. Ka daidaita iskar falmaranka, rigar da ake hurawa don kada ka nutse ko ka taso, tukuna, ka bari numfashi ya kwanta, sannan ka rubuta matsi, ka yi iyo yadda ka saba na minti 10 ba hawa ba sauka, ka sake rubutawa. Mu ce ka fara da 180 ka gama da 150 a kan tukunya mai lita 11.1. Bar 30 a minti 10, uku ke nan a minti. Raba biyu, 1.5. Ninka da 11.1, kusan lita 17.

Amfaninsa babba shi ne kai kake zaɓar halin da za ka auna. Ka yi sau ɗaya kana riƙe da igiya ba motsi, ka yi kana iyo a hankali, sannan ka yi kana tura bango ko kana bugun ƙafa da ƙarfi kamar ruwa yana janka. Lambobi uku za ka fito da su, kuma ta ukun ce ba wata hanya mai araha da za ta ba ka, ita ce kuma wadda za ka nema ranar da abu ya rikice.

Rauninsa yana cikin gejin kansa. A cikinsa lanƙwasasshen bututu ne, ƙirar da Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849, matsi yana miƙar da shi yana juya allura. Ba batir, ba a kashe shi, yana jure wahala, amma zanen fuskarsa goma-goma yake tafiya, kaurin allurar ma ya kai bar biyu ko uku. In ka kuskure da bar 5 a farko da bar 5 a ƙarshe, bar 30 ɗin nan zai iya zama 20 ko 40. Amsarka ke nan tana lilo tsakanin lita 11 da lita 22, ɗaya na gwani ɗaya na sabon shiga, duk daga mutum ɗaya.

Na taɓa zama a kwalekwale a Tema ina kallon wani dattijo ɗan Sabon Zango yana duba allon yaronsa bayan irin wannan gwaji. Ya daɗe yana kallon lambar farko.

"Kai, 180 ka rubuta nan ko 185?"

"Maigida, tsakiya take."

"Daga ina ka kalle ta?"

Yaron ya ɗago gejin daga gefen cinyarsa, a karkace, yadda ya yi a ruwa. Dattijon ya karɓa ya juyo fuskar gejin sosai ta kalle shi, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, sai allurar ta ɗan zame ƙasa.

"To ka gani. Gobe minti ashirin za ka yi, kuma ka fara agogo lokacin da allura ta hau kan zane, kada ka fara don ka ga dama."

Shawarwarin biyu masu kyau ne. Da minti 20, iskar da za ka ci ta zama bar 60, kuskuren nan guda zai bar ka tsakanin lita 14 da 19, ya fi dama. Jiran allura ta hau zane kuwa yana mayar da awon kan agogo, wanda ya fi geji gaskiya: fara a 180 cif, tsaya a 130 cif, ka rubuta minti da daƙiƙa.

Matsala ta biyu ta gaɓarmu ce. Bakin tekun Accra ba tafki ba ne. Igiyar ruwa tana tasowa daga nesa cikin Atlantika, kai-komonta yana ɗaga mutum yana saukewa, ruwan kuma sau da yawa ba ka ganin nesa. Zama a mita 10 daram na minti 20 ba abin wasa ba ne ga sabon hannu. Igiya daga kwalekwale mai ƙulli a mita 10 tana taimakawa. Wurin ninkaya na otal ma zai yi in an yarje maka, sai dai a mita 3 matsin bar 1.3 ne kawai, allura a hankali take tafiya, ruwan ba sanyi ba fargaba, lambar za ta fito ƙasa da abin da teku zai karɓa a hannunka. Wanda kuma ya zauna a kujera a gida yana shaƙar regileta yana duba agogo, iskarsa kawai ya ɓarnatar.

Littafi da matsakaicin zurfi

A nan ba ka ware lokaci don gwaji. Kowane nutso awo ne. Abu biyar za ka rubuta: girman tukunya, matsin farawa, matsin gamawa, minti nawa, da matsakaicin zurfi. Na ƙarshen ne ke bukatar kwamfuta, don agogo da abin nuna zurfi ba za su ba ka shi ba. Kwamfutoci da yawa masu saukin kuɗi suna nuna shi a ma'ajiyarsu, amma ba duka ba, ka tambaya kafin ka biya.

Misali: tukunyar ƙarfe mai lita 12, ka shiga da 210 ka fito da 60. Bar 150 sau 12, lita 1800. Nutson minti 48 ne, lita 37.5 ke nan a minti. Matsakaicin zurfi mita 11, matsinsa bar 2.1. Raba, ka sami kusan lita 18.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan hanya shi ne a ɗauki iyakar zurfin da aka taɓa a maimakon matsakaici. In a nutson nan ka leƙa mita 18 na ɗan lokaci, sai ka raba da 2.8, za ka sami lita 13.4, ka shiga gari kana cewa ka zama gwani. Kuskure ne mai haɗari, don ɓangaren da yake zamewa shi ne na ganin kana da iskar da ba ka da ita.

Kuskure na biyu rana ce take jawo shi. Tukunya ta kwanta a cikin kwalekwale tun hantsi, jikinta ya kai digiri 40, geji ya ce 210. Ka faɗa da ita ruwa mai digiri 22, iskar ciki ta huce, matsi ya sauka kusan 198 ba ka shaƙi ko numfashi ɗaya ba. Bar 12 ɗin nan in ka ɗora wa huhunka, ka ƙara wa kanka lita ɗaya da rabi a minti. Wannan ya karkata ɓangaren tsira, amma duk da haka ƙarya ce. Haka tukunyar da ta fito daga injin cika iska da zafinta. Maganinsa shi ne a rufe tukwane da jiƙaƙƙen buhu, kuma a karanta matsin farawa bayan 'yan mintoci a cikin ruwa. Masu tukunyar bar 300 su sani cewa a wannan matsi iska ba ta matsuwa yadda lissafin ninkawa yake zato, abin da ke ciki ya gaza lissafin da kusan kashi 10 cikin 100.

Abin da ya sa na fifita littafi shi ne yawa. Awo ɗaya na iya yin ƙarya, amma shafi ashirin kuskurensu yana cinye juna, kuma sai ka fara ganin abin da gwajin rana ɗaya ba zai nuna ba. Tekunmu ba ruwa ɗaya ba ne duk shekara. Yawancin watanni samansa yana tsakanin digiri 27 da 29. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa, lokacin da masunta ke samun ƙananan kifaye da yawa, zafin ya faɗi ƙasa da 25, wani lokaci kusan 22, ruwan ya yi kore-kore. Akwai ƙaramin tasowar kuma wajen Janairu. Sanyi yana sa jiki ƙona ƙarin abinci, rigar roba mai kauri tana bukatar ƙarin dalma, ƙarin dalma yana bukatar ƙarin iska a falmaran, rashin gani kuma yana tayar da hankali. Wanda ya auna kansa a Maris ya tsara nutson Agusta da lambar, lambar wani ya ara. In kana rubuta zafin ruwa, rigar da ka sa, ƙarfin jan ruwa da aikin da ka yi a gefen kowace lamba, shekara ɗaya ta isa ka san naka na rani da naka na damina.

Wanda lissafi ke ba shi ciwon kai, akwai manhajar Subsurface, kyauta ce. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya fara rubuta ta a 2011 don shi ma mai nutso ne. Tana janyo bayanan zurfi daga kwamfutoci iri-iri, kai ka shigar da girman tukunya da matsin farko da na ƙarshe, ta fitar maka da lita a minti. Littafin makaranta na sidi kaɗan da kalkuletar waya ma suna yin aikin.

Aibin littafi biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Sai an fito ruwa ake sanin amsa. Sannan matsakaici yana ɓoye tsanani: minti biyar da ka yi kana kokawa da jan ruwa a kan lita 35 sun narke cikin minti 40 na shawagi da tsayuwar minti 3 a mita 5 da ake yi kafin fitowa, takarda ta ce 18, kamar ba abin da ya faru.

Na'urar aika saƙo

'Yar ƙaramar aba ce da ake murɗawa a ƙofar babban matsi ta kan regileta, inda tiyon geji yake shiga. Tana karanta matsi da lantarki, tana aika wa kwamfutar da ke wuyan hannunka duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Shearwater suna da Swift, Suunto suna da Tank POD, Garmin sun fitar da T1 da ke aikawa da sauti a cikin ruwa. Yawancin sauran da rediyo mai gajeren zango suke aiki, kusan mita ɗaya. Kowane kamfani da nasa, na wannan galibi ba ya jin yaren na wancan, in ka sayi na'urar ka auri kwamfutar.

Abin da take yi wanda sauran biyu ba sa iyawa shi ne nuna cin iska yanzu-yanzu. Karatunta bar ɗaya-ɗaya ne, babu allura babu karkata ido. Kwamfutocin Shearwater suna ɗaukar matsakaicin kusan minti biyu da suka wuce, don haka kana juyawa ka fuskanci jan ruwa za ka ga lambar tana hawa, ka rage bugun ƙafa ka ga tana sauka. Bayan nutso kuma ga zane a waya, ka ga daidai mintin da numfashinka ya tashi. Ga mai koyar da ɗalibai, wannan makaranta ce mai zaman kanta. Tana da ƙararrawa da hasken allo, abin da ke da daraja a ruwan da ba ka ganin tafin hannunka.

Sai dai lambar da ta fi jan masu saye, wato mintocin da suka rage, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. A Shearwater ma'anarta ita ce minti nawa za ka iya zama a zurfin da kake, da numfashin da kake yi yanzu, kafin ka haura kai tsaye a kan mita 10 a minti ka fito da rarar da ka saita. Ba ta lissafa tsayuwar mita 5 ba. Ba ta san kana da aboki ba, balle ta yi tunanin iskarsa za ta ƙare ya dawo kan taka. Kuma Shearwater bar a minti take nunawa, ninkawa da girman tukunya yana wuyanka. Waɗanda ke nuna lita kuwa, sai ka gaya musu girman tukunyar, in ka manta ka canza bayan ka karɓi ta haya, ƙaryar za ta fito da lambobi masu kyan gani.

Ga kuma batun kuɗi da gyara. Na'urar ita kaɗai kuɗinta ya kai ko ya wuce na ƙaramar kwamfuta sabuwa, kwamfutar da ke karɓar saƙonta kuma ta fi tsada, duk da dala ake saye, ga kuɗin kwastan. Batirinta ba na tocila ba ne. Swift CR2 take ci, T1 kuma CR123A, ka tanadi naka da zoben robar murfin tun wuri. Saƙo yana yankewa wani lokaci, in jikinka ya shiga tsakani ko fitilar kyamara ta haska kusa, yakan dawo bayan daƙiƙoƙi. Ga shi ta fito tsaye a kan regileta kamar mariƙi, yaron kwalekwale da bai sani ba zai ɗaga tukunya da ita. Masu hankali suna sa ta a ɗan guntun tiyo don wannan. Kuma ko ka saye ta kada ka cire geji, zuwa da kai ya fi aike.

Me lambar za ta yi maka?

Duk wannan wahala don tambaya ɗaya ce: a bar nawa zan juya? Kowa ya san jan zanen da ke ƙasa da bar 50, da yawa kuma sun ɗauke shi amsa. A gwada shi a mita 30. Iskar abokinka ta ƙare, ku biyu kuna shaƙa daga tukunyarka, hankali a tashe. Mu ba kowannenku lita 30 a minti, 60 ke nan. Minti ɗaya a ƙasa kuna daidaitawa, a matsin bar 4, lita 240. Hawa zuwa mita 5 a kan mita 9 a minti, kusan minti 3 a matsakaicin matsi 2.75, lita 495. Tsayuwar minti 3 a matsi 1.5, lita 270. Minti na ƙarshe zuwa sama, lita 75. Jimla lita 1080. A tukunyar alminiyam wannan bar 97 ne, a mai lita 12 bar 90, a mai lita 15 bar 72. Bar 50 a ta alminiyam lita 555 ce kacal, rabin bukata. Ƙara da cewa regileta tana fara tauri in matsi ya kusa bar 10, ƙarshen tukunya ba naka ba ne. Lita 30 ɗin da na saka zato ne na tsari. In gwajinka na tura bango ya nuna 40, da 40 za ka yi lissafi, ka kuma juya kafin kowa. Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka.

A nan ne hanya ta farko da ta biyu suke haɗuwa: littafi ya ba ka lambar tafiya, gwaji ya ba ka lambar tashin hankali. Na'urar aika saƙo ba ta yi maka wannan lissafi, sai dai ta taya ka gadin sakamakonsa.

Wa zai sayi me

Sabon mai nutson shaƙatawa, wanda takardarsa ta tsaya a mita 18: geji mai kyau mai bar, kwamfuta mai nuna matsakaicin zurfi, littafi. Ragowar kuɗin a zuba su a cika tukunya da shiga ruwa, don abin da ke sauke cin iskar sabon hannu daga ashirin da wani abu zuwa ƙasa shi ne sabo, rage dalmar da ta yi yawa, kwanciya a miƙe cikin ruwa da daina iyo da hannu. Ba na'urar da take yin wannan.

Mai aikin tashar jirgi, mai kankare ƙasan jirgi da yanke igiyar da ta naɗe farfela, lissafinsa daban ne. Zurfinsa kaɗan ne, mita 3 zuwa 6, amma aikin ƙarfi ne, cin iskarsa yana iya ninka na mai shawagi. Ba banza ba ƙa'idar Turai ta EN 250 take gwada regileta a kan lita 62.5 a minti. Shi gwajin geji da agogo a kan aikin kansa ya fi masa amfani: minti nawa buroshi a hannu ke cinye bar 50. Da wannan wanda ke sama riƙe da igiya da agogo zai san lokacin da zai ja shi, ko da shi a ƙasa duhun ruwa ya hana shi karanta geji. In akwai wanda ƙararrawa da hasken allo za su yi wa rana, shi ne, sai dai shi ne kuma wanda zai fi saurin fasa na'urar a jikin ƙarfe. Masu burin aikin mai a teku, irin filin Jubilee da ya fara fitar da ɗanye a 2010, su sani can ba a aiki da tukunyar goyo a matsayin babbar iska. Ta tiyo ake turo ta daga sama, mai kula da allon bawul ne ke lissafinta, horon ma daban ne.

Wanda na ga na'urar ta cancanci kuɗinta a hannunsa shi ne mai koyarwa, da mai ɗaukar hoto da idonsa ke kan kyamara, da mai zurfafawa mita 30 zuwa 40 a kai a kai, inda minti ɗaya yake cin abin da huɗu ko biyar ke ci a sama.

Kashedi ɗaya ga masu na'urar da masu littafin duka: lambar ba gasa ba ce. Ƙaton namiji zai ci fiye da siririyar mace, babu laifin kowa. Wanda ya fara riƙe numfashi tsakanin shaƙa da fitarwa don lambarsa ta yi kyau, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ce take taruwa a jininsa. Alamarta ciwon kai mai sara bayan an fito, a zurfi kuma tana ƙara maye da ruɗewa. Riƙe numfashi ana haurawa kuwa yana iya fasa huhu. Nitrox ma, wato iskar da aka ƙara wa iskar oksijin, ba ya rage yawan litar da kake shaƙa, lokacin zama kafin iskar naitirojin ta taru a jiki yake ƙarawa.

'Yan'uwa na Kumasi da masu duba kejin kifi a tafkin Volta sukan tambaya ko lissafin ya canza a ruwan daɗi. Kaɗan ne: can sai mita 10.3 ake samun ƙarin bar 1, bambancin kashi 3 cikin 100, bai kai kuskuren allura ba. Kwamfuta ma matsi take aunawa ta juya shi zuwa mita, don haka in ka bar ta a saitin ruwan gishiri, raba zurfin da ta nuna da 10 ka ƙara 1 zai ba ka matsin daidai. Tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi, ba shi da igiyar teku, zai yi daɗin gwajin minti 20, amma tsakiyarsa ya doshi mita 80, ba ƙasan da zai tare wanda falmaransa ya kuɓuce masa. A yi shi kusa da gaɓa da igiya, bayan an nemi izinin masu wurin, don tafki ne mai alfarma a wurin Asante. A Volta kuwa, itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 suna nan tsaye a ƙasa da tsofaffin taruna rataye a jikinsu. Mai nutso a can ya ƙara wa rararsa mintocin yanke kansa daga taru, ya lissafa su da lambarsa ta aikin ƙarfi.